An rage yaran da ke tsare a Amurka, to me ya sa har yanzu baƙaƙe ne suka cika gidajen?

Maman Ikram (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son mu tattauna wata magana da ta shafe mu duka, musamman mu masu 'ya'ya maza da suka fara tasawa. A shekarar 2000, yaran da ke tsare a gidajen kangararru na ƙasar nan a rana guda sun kusa 109,000. Zuwa 2022 ba su kai 28,000 ba. Wato an rage kashi uku cikin huɗu. To madalla. Amma a ƙididdigar 2021, yaro baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shiga irin wannan gida kusan sau biyar, alhali a 2001 sau huɗu ne. Ana ta rufe gidaje, rata kuma tana ƙara buɗewa. Wanda ya gane yadda haka ke faruwa ya taimaka ya fahimtar da ni, don ni kam lissafin ya ƙi shiga kaina.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ruwa ba ya tsami banza. Ni aikina tuƙi ne daga magariba zuwa asuba, abin da nake gani a titi ba a takarda yake ba. Yaran da suka taɓa ɗora mini wuƙa a wuya daga kujerar baya, babu wanda gemu ya fito wa a cikinsu. Suka kwashe cinikin daren, suka haɗa da waya. Ba a jima ba na hango ɗayansu a bakin wani shago yana shan lemo, hankalinsa kwance. Wannan raguwar da kike yi wa madalla, da wuyanmu muke biyan kuɗinta. Wanda ya yi laifi a rufe shi, baƙi ne ko fari. Ni ban ga abin lissafi a nan ba.

Ummi (ɗalibar lauya):
Kawu, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ya same ku ba ƙarami ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce yaron da ya ɗora wa mutum wuƙa a sallame shi da "kada ka sake". Amma bari in amsa tambayar Anti.

Ba a gaban alƙali ratar nan take farawa ba. Kafin yaro ya isa gidan tsarewa sai ya bi ta ƙofofi da yawa. Ɗan sanda zai sa masa ankwa ne, ko zai yi masa faɗa ya kira uwarsa? In an kama shi, jami'in da ke karɓar ƙara zai tura shi wani shirin gyara a unguwa ne a rufe magana, ko zai kai takarda kotu? In an kai kotu, a gida zai jira ranar shari'a ko a tsare? A kowace ƙofa mutum ɗaya ne yake yanke hukunci da idonsa, cikin 'yan mintoci. Ƙofa ta biyu kaɗai, a 2019, kashi 52 cikin ɗari na ƙararrakin yara fararen fata an kashe su ba tare da an shiga kotu ba, na baƙaƙe kuwa kashi 40. Bambancin ba ya ba da tsoro in kin kalle shi shi kaɗai. Ki ɗora shi a kan na ƙofar farko, ki ƙara na ta uku da ta huɗu, sai ki ga sau biyar ɗin nan.

Dalilin da ya sa ratar ta ƙaru bayan gyara kuma, da aka buɗe hanyar fita, waɗanda iyayensu ke da mota da lauya da inshorar da za ta biya likitan ƙwaƙwalwa su ne suka fara bi.

Direban Dare:
'Yata, kina so ki ce mini laifi iri ɗaya suke yi ke nan?

Ummi (ɗalibar lauya):
Ba a komai ba, Kawu. A maganar bindiga da kisa akwai bambanci na gaske, kuma yana bin unguwannin da talauci ya yi wa katutu. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma shan wiwi da ƙwaya, an daɗe ana tambayar 'yan sakandare a asirce kowace shekara, kuma amsoshin suna nuna yara baƙaƙe ba su fi farare sha ba. Kuma yawancin waɗanda ke tsare ba kisa suka yi ba. Akwai masu yawa da laifinsu karya sharaɗin ɗaurin talala ne: an ce ka dawo gida ƙarfe bakwai ka dawo tara, an ce kada ka yi fashin makaranta ka yi, ko ka manta ranar ganin jami'inka.

Alhaji Mai Shago (Harlem):
Ni dai a ganina wannan matsalar baƙaƙen ƙasar nan ce, ba tamu ba. Namu suna da uba a gida, suna zuwa Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, sun san babba. Mu kama 'ya'yanmu da kyau, mu bar wa masu ƙasa rigimarsu. Neman abinci ya kawo mu, ba siyasa ba.

Malam Na Shikago:
Ranka ya daɗe, Alhaji, a yi haƙuri da ni, amma abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba. Ɗan sanda da ke cikin mota ƙarfe goma na dare ba ya tambayar yaro ko kakansa daga Kumasi yake ko daga Maraɗi ko daga Alabama. Yaro baƙi yake gani da hular sanyi. A fom ɗin da ake cikewa ma gida ɗaya ake sa su. Ku tuna Amadou Diallo, ɗan Gini, mai neman abinci irin namu, ba ya shan komai. A 1999 a ƙofar gidansa a Bronx 'yan sanda suka harba masa harsashi 41, jakar kuɗinsa kawai ya zaro. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun riga mu gane wannan. Mu ne iyaye muke ta jaddada musu cewa su daban ne, su kuwa suna fita titi suna ganin ba haka ba.

Alhaji Mai Shago (Harlem):
Allah ya jiƙan Diallo. Na je zanga-zangarsa lokacin. Amma shi babba ne, maganar yara muke yi.

Ɗan Zango:
To ga yaro, Baba. Kalief Browder, a nan Bronx ɗinmu. Shekararsa 16 a 2010 lokacin da aka tare shi a hanya aka ce ya saci jakar goyo. An caje shi ba a sami komai a jikinsa ba. Aka sa beli dala 3,000, gidansu ba su da shi. Daga baya ma aka janye belin gaba ɗaya, saboda yana kan ɗaurin talala na wata tsohuwar magana. A lokacin dokar jihar Niyok tana ɗaukar ɗan shekara 16 a matsayin babba, don haka gidan yarin manya na tsibirin Rikers aka kai shi. Ya yi shekara uku a can ba a yi shari'ar ba, sai ɗagewa ake yi, mai gabatar da ƙara yana cewa bai shirya ba. Kusan shekara biyu a ciki shi kaɗai aka kulle a ɗaki. Akwai bidiyon da ya fito yana nuna mai gadi yana maka shi da ƙasa, da wani inda 'yan uwansa fursunoni suka taru a kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, an ce masa ya amsa laifi kawai ya tafi gida. Ya ƙi, ya ce bai ɗauka ba. A 2013 aka watsar da ƙarar, aka sake shi ba ko ban haƙuri. A 2015 ya kashe kansa a gidan mahaifiyarsa yana da shekara 22. Birni ya biya iyalinsa dala miliyan 3.3 a 2019. Kuɗin beli dubu uku aka rasa, Baba. Nawa ne a cikinmu za su iya zaro dubu uku a daren Asabar?

Maman Ikram (Bronx):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk sanda na ji labarin yaron nan sai cikina ya juya.

Direban Dare:
Abin da aka yi wa yaron zalunci ne, ban musa ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Suka yi dokar ɗaga shekarun da ake kai yaro kotun manya, yanzu manyan 'yan daba sai su miƙa wa ƙaramin yaro bindiga ya riƙe, don sun san kotun iyali za a kai shi a shafa masa kai. Daga wannan kuskure aka tsallaka zuwa wancan.

Ummi (ɗalibar lauya):
Kawu, wannan ƙorafi ba ku kaɗai kuke yinsa ba, Eric Adams ma ya yi shi lokacin yana magajin garin Niyok. Amma ga yadda dokar take. An sa mata hannu a 2017. Kafin nan jihohi biyu kacal suka rage da ke kai duk ɗan shekara 16 kotun manya kai tsaye, Niyok da North Carolina. Ta fara aiki a kan 'yan 16 a Oktoban 2018, 'yan 17 kuma a Oktoban 2019, aka kwashe yaran daga Rikers zuwa gidan Horizon da ke nan Bronx. Ƙananan laifuka ne suke tafiya kotun iyali kai tsaye. Manyan laifuka a kotun manya suke farawa, a wani sashe na matasa. In yaro ya nuna makami mai kisa, ko ya ji wa mutum mummunan rauni, ko laifin ya shafi fyaɗe, ƙarar tana iya zama a can. Inda ake jayayya shi ne yaron da aka samu da bindiga a aljihu bai zaro ta ba. Wannan ana iya zama a tattauna shi. Amma gyara sakin layi ɗaya daban ne da mayar da yara Rikers.

An taɓa gwada hanyar taurin kai. A 1995 wani malamin jami'ar Princeton, John DiIulio, ya yi hasashen cewa wata zuriyar yara marasa imani tana tafe, za ta mamaye tituna. Kusan duk jihohi suka sauƙaƙa kai yara kotun manya. Abin mamaki, laifukan yara sun riga sun fara sauka tun wajen 1994, suka yi ta sauka shekara da shekaru. Shi kansa mutumin daga baya ya janye maganarsa. Dokokin dai suka zauna, kuma an san 'ya'yan wa suka fi cinyewa.

Malam Na Shikago:
Bari in ƙara da abin da aka gano a garin nan namu, don ya amsa tambayar ko rufewar tana gyara yaro. Masana tattalin arziki biyu, Anna Aizer da Joseph Doyle, sun bi bayanan yara kusan 35,000 da suka bi ta kotun yara ta Shikago. Dabararsu ita ce, a nan ba a zaɓar wa yaro alƙali, sa'a ce kawai. Wani alƙalin mai zafi ne, wani mai sanyi. Sai ka sami yara biyu masu laifi iri ɗaya daga unguwa iri ɗaya, ɗaya an rufe shi ɗaya an sa shi talala, ba don komai ba sai don wanda suka faɗa hannunsa. Da aka duba su bayan shekaru, rufewar ta rage yiwuwar gama sakandare da maki 13 cikin ɗari, ta ƙara yiwuwar shiga gidan yarin manya da maki 23.

Ni ina ganin yadda abin yake da idona. Yaro ya ɓace daga aji wata ɗaya ko biyu. Ya dawo an wuce shi a lissafi, takardun karatun da ya yi a can ba su iso ba, kujerarsa ma an ba wani. Abokansa suna kallonsa wani iri, malamai suna ɗari-ɗari da shi. Ga jami'in talala yana kiransa ana tsakiyar darasi. Mako kaɗan sai ya daina zuwa. Rashin zuwan kuma karya sharaɗi ne, sai a sake ɗauke shi. Malam Direba, yaron da kuke so a rufe, zai fito. Duk suna fitowa. Tambayar ita ce wane ne zai shiga bayan motarku bayan shekara uku.

Direban Dare:
Malam, kun iya magana. Amma wanda aka kwantar a asibiti ba ya jiran shekara uku.

Hajiya Nas (Houston):
Ni abin da ya ɗaure mini kai kuɗin ne. Wata cibiyar bincike ta lissafa a 2020 cewa tsare yaro ɗaya yana cin dala 588 a rana a matsakaici, wato sama da dala 214,000 a shekara. Jama'a, wace jami'a ce a ƙasar nan take cin haka? A ce an ɗauki kashi ɗaya cikin goma na kuɗin nan an ba uwar yaron ta bar aikin dare ta zauna da shi.

Kuma ku 'yan Niyok ku gode wa Allah. A nan Texas har gobe ɗan shekara 17 babba ne a gaban kotu. Haka Georgia da Wisconsin. Louisiana ta ɗaga shekarun, sannan a 2024 ta koma gidan jiya. Su ne ma suka kai yara tsohon sashen 'yan jiran kisa na gidan yarin jihar da ake kira Angola a 2022, sai da alƙalin tarayya ya ba da umarnin a fitar da su a 2023. Kada wani ya ɗauka gyaran nan ya zauna daram.

Ɗan Kurna (Kano):
Salam. Ina bin ku daga gida. Gaskiya ku kuna da ma abin ƙirgawa. Mu nan a Nuwamban 2024 muka ga yaranmu a babbar kotun tarayya ta Abuja, bayan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa, wasu suna zubewa a ƙasa don yunwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sai da duniya ta yi ca kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Mu ba launin fata ba ne, ɗan wa kake shi ne.

Admin:
Allah ya kyauta, ɗan uwa. Wannan magana ce mai zaman kanta, a buɗe mata nata zaren don kada ta nutse a nan. A ci gaba.

Alhaji Mai Shago (Harlem):
To ku masu karatu, na ji laifin tsohon tsari. Ina wanda ya yi abin kirki? Ko duk suka ce?

Ummi (ɗalibar lauya):
Akwai, Baba. Wanda aka fi ambata shi ne na jihar Missouri. Sun rufe babban gidan kangararrunsu na Boonville a 1983, suka koma ƙananan gidaje kusa da garuruwan yaran. Ana haɗa yara 10 zuwa 12 a rukuni ɗaya, tare suke kwana, tare suke karatu, ma'aikata ɗaya ne suke tare da su kullum. Yaro yana sa kayansa na gida, akwai kujeru da hotuna a bango. In rigima ta tashi sai a zauna a da'ira a yi magana. Jihohi da yawa sun je sun kwaikwaya. Birnin Niyok ma a 2012 ya fara dawo da yaransa daga gidajen da ke can nesa a arewacin jiha zuwa ƙanana a cikin unguwanni, don uwa ta iya hawa jirgin ƙasa ta je ta ga ɗanta. Kalifoniya ta rufe gidajen jiharta gaba ɗaya a 2023, ta miƙa wa ƙananan hukumomi.

Amma a wannan Missourin dai, a 2015, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta binciki kotun iyali ta gundumar St. Louis, ta gano ana nuna wa yara baƙaƙe bambanci: an fi kai ƙararsu gaba, an fi tsare su, ko da an daidaita laifin da tarihin. Haka aka gano a Memphis a 2012. Wato kana iya gyara gidan ya yi kyau, wanda ake turowa ciki bai canja ba. Shi ya sa na ce amsar tambayar Anti tana bakin ƙofa.

Maman Ikram (Bronx):
To bakin ƙofar fa, Ummi, wa ya taɓa gyara shi?

Ummi (ɗalibar lauya):
Gundumar Multnomah, inda birnin Portland yake a jihar Oregon. Suna cikin wuraren farko da suka shiga shirin gidauniyar Annie E. Casey na rage tsare yara, wanda aka fara a 1992. Abin da suka yi ba shi da ban mamaki ko kaɗan. Sun zauna sun duba fom ɗin da jami'i yake cikewa kafin ya yanke ko yaro zai kwana gida. Akwai tambaya a kan ko yaro ya fito daga gida mai kyau. Me jami'i farar fata yake ɗauka gida mai kyau? Uba da uwa ƙarƙashin rufi ɗaya. Yaron da kakarsa ke riƙo, ko gwaggo, ya faɗi tun kafin ya buɗe baki. Suka canja tambayar ta koma: akwai wani babba da zai ɗauki alhakin kawo yaron kotu? Suka ɗauki ma'aikata daga cikin al'ummomin yaran, suka samar da wuraren kwana na wucin gadi da wuraren da yaro zai riƙa kai kansa maimakon kulle, kuma suka riƙa fitar da alƙaluma bisa launin fata a kowane mataki don kowa ya ga inda ake karkacewa. Zuwa wajen 2000 ratar tsarewa tsakanin baƙi da fari a can ta kusa rufewa.

Dokar tarayya ma tun 1988 take cewa jihohi su duba wannan rata. Dubawa suke yi su rubuta rahoto. Wanda ya taɓa fom ɗin ne ya ga canji.

Hajiya Nas (Houston):
Wannan ta taɓa ni. Ɗan wata ƙawata, aka kama su su uku a kanti kan zargin satar belun kunne. Aka kira iyaye. Biyun iyayensu suka zo cikin rabin awa suka tafi da su. Ita tana tsakiyar aiki a gidan tsofaffi, wayarta tana cikin akwatin ajiya, doka ce ba a shiga da ita. Sai da ta tashi da asuba ta ga kiran. A takarda an riga an rubuta ba a sami iyaye ba. Yaron ya kwana a can, kuma wannan kwanan shi ya bi shi har gaban alƙali.

Direban Dare:
Wannan kam ban ji daɗinsa ba. Ni ma wayata a kashe take in ina barcin rana. Amma ku daina ɗora komai a kan launi. Alƙalan nan biyu na Pennsylvania da suka riƙa sayar da yara, ai garin farare ne, yawancin yaran farare.

Malam Na Shikago:
Gaskiyarku. Gundumar Luzerne ke nan, Mark Ciavarella da Michael Conahan. Sun karɓi kusan dala miliyan 2.8 daga masu alaƙa da gidajen tsare yara na 'yan kasuwa. Har da yarinyar da aka tura don ta buɗe shafin barkwanci a MySpace tana tsokanar mataimakiyar shugaban makarantarsu. Da yawa ba su da lauya, shari'ar minti biyu ce. Ciavarella ya sami shekara 28 a 2011, kotun ƙolin jihar ta soke hukunce-hukunce kusan 4,000. Amma ku lura, Malam Direba, can sai da aka ba da cin hanci kafin a yi wa yara haka, kuma da asiri ya tonu aka ɗaure alƙalan. A gundumar Rutherford ta Tennessee, a 2016, 'yan sanda suka shiga makarantar firamare suka kama yara baƙaƙe, har da 'yar shekara takwas, kan wai sun tsaya kallon faɗa ba su raba ba, laifin da babu shi a doka. Babu wanda ya karɓi kwabo. Alƙaliyar wurin ta ci gaba da zama a kujerarta har ta yi ritaya a 2022.

Alhaji Mai Shago (Harlem):
Shi ya sa ni har kullum shawarata ɗaya ce. Yaro ya fara ɗaga kafaɗa, a saya masa tikiti a kai shi gida wajen kawunnansa ya yi shekara biyu, ya ji jiki, ya dawo mutum.

Ɗan Zango:
Baba, da girmanku, wasu sun dawo mutane, wasu sun dawo ba sa magana da iyayensu har yau. Ina da abokai a ɓangarorin biyu. Kuma in an riga an buɗe wa yaro ƙara, fitar da shi daga ƙasa ba ya rufe ta. Takardar kamu ce za ta jira shi a filin jirgi.

Ku da kuke Harlem ma, kansilan da aka zaɓa muku a 2023, Yusef Salaam, yana da shekara 15 aka kama shi a shari'ar Central Park ta 1989, ta fyaɗen da aka yi wa wata mata a wannan filin shaƙatawa na Niyok. Musulmi ne, uwarsa tana tsaye a kansa, bai hana ba. Su biyar, aka tsare su ana ta tambaya har yawancinsu suka amsa abin da ba su yi ba. Sai 2002 aka wanke su, bayan mai laifin ya fito da kansa kuma gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar. Ɗayansu, Korey Wise, da yake 16 a gidan yarin manya ya yi nasa, kusan shekara 13.

Alhaji Mai Shago (Harlem):
Na san Yusef, ni ma na jefa masa ƙuri'a. Ban ce a bar maganar ba. Cewa na yi kowa ya fara da gidansa.

Direban Dare:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana game da mai makami. Na kanti da na fashin makaranta, na yarda a bar su su kwana gida. Na fita aiki, sai da safe.

Hajiya Nas (Houston):
Allah ya tsare hanya, Malam. Ummi, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Nawa zai cika 17 bayan sallah, kuma ba a nan aka haife shi ba, katin zama gare shi. Me zan gaya masa?

Ummi (ɗalibar lauya):
Anti, ba lauya ba ce ni tukuna, don haka ki ɗauki wannan a matsayin abin da kowa ya kamata ya sani. In an tsayar da shi, kada ya gudu, kada ya yi gardama, hannayensa a fili. Ya faɗi sunansa, sannan ya ce yana son lauya kuma ba zai yi magana ba sai lauya ya zo, ya yi shiru da gaske. Mun tarbiyyantar da su cewa in babba ya tambaya a amsa, to a nan wurin tarbiyyar tana cutar da su. A yawancin jihohi ɗan sanda yana da damar yi wa yaro ƙarya a ɗakin tambaya, ya ce abokinka ya riga ya tona. Illinois ce ta fara hana hakan a 2021, wasu kaɗan suka biyo baya. Ki ba shi lambar mutum biyu da za su ɗauki waya in ke kina aiki, ya haddace su a ka, don wayarsa ita za a fara karɓewa.

Maganar katin zama kuma ita ce mafi nauyi. Hukuncin kotun yara ba a lissafa shi a matsayin ɗauri a dokar shige da fice. Na kotun manya ana lissafa shi, kuma wasu laifukan da ake gani ƙanana suna iya jawo kora daga ƙasa. A Texas daga ranar da ya cika 17 kotun manya ce. Kada ya amsa kowane laifi, ko an ce masa yau zai koma gida, sai lauyan shige da fice ya ga takardar. Tun 2010 kotun ƙoli ta wajabta wa lauyan da ke kare mutum ya gaya masa haɗarin kora, amma lauyan kyauta mai ƙararraki ɗari a tebur yana iya wucewa da sauri, don haka ki tambaya da bakinki. In kuma kin cika sharuɗɗan zama 'yar ƙasa, ki nema yanzu, domin in kin samu kafin ya cika 18 yana zaune a hannunki da katinsa, shi ma ya samu ta kanki.